Dodon da Mero Ta Taho da Shi Kuala Lumpur

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Pantai Dalam ta Kuala Lumpur cikin shekarun nan huɗu, in dai yana da ciki, ya san Hajiya Mero. Hawa na sha huɗu take, ƙofa ta uku in ka fito daga lif, a gidan ɗanta Dakta Muttaka mai koyar da lissafi a jami'a. Ranar Juma'a takan tuƙa tuwon shinkafa ta kaɗa miyar kuɓewa, ɗalibai su yi ta hawa da sauka, wasu su ci a nan, wasu su ce a yi musu tapau, wato a ƙulle musu, su tafi da shi ɗaki. Kuɓewa daga kasuwar Chow Kit take sayowa, kayan ƙamshi daga Brickfields, daddawa kuwa sai wani ya taho daga gida. Ta iya hawa LRT, jirgin ƙasan cikin gari, ita kaɗai. A yaren Malay ta iya "boleh", wato ba laifi, da "makan", wato cin abinci, sauran kuma harara take ƙarasawa da ita, wadda ba ta taɓa neman tafinta ba.

'Yar Gwammaja ce. Ta gama sakandare ta auri Malam Ado tela, suka zauna a Kurna. A zamanin da matan unguwa ke miƙa wa juna littattafan soyayya ta saman katanga, ita na yaƙi take karantawa, waɗannan na sadaukai masu takobin da ƙarti arba'in ba sa iya ɗagawa, da sarakunan da ke karya kumallo da zuciyar zaki. Ƙawayenta su ce, "Ke Mero, mace da karatun sare-sare?"

Ta ce, "Ku je ku yi ta kuka don wani saurayi bai aiko da wasiƙa ba. Ni ku bar ni inda ƙasa ke girgiza."

Tana da ƙa'ida ɗaya. In ta buɗe littafi ba jarumin take fara dubawa ba, abokin gabarsa take nema. In ta ga dodon na wasa ne, sara ɗaya ya kife, ko sha'ani ba ta ƙara yi da littafin, ta mayar wa mai shago kayansa. A ganinta duk girman jarumi daga muguntar abin da ya tare shi ake auna shi.

A cikin duk abin da ta karanta, guda uku ne suka biyo ta har Malesiya, na ɗaya da na biyu da na uku na labari guda. Bangonsu ya yage tun tuni, sunan labarin ma ya tafi da bangon. A ciki akwai Sadauki Baddaru, akwai kuma Dodo Gargazumi. Kai, Gargazumi! Kawuna uku, kowane ido kamar murhun mai tsire, haƙora kamar taɓare. In ya yi numfashi tafki ya bushe, kifaye su gasu a inda suke. Mashi ya taɓa fatarsa sai ya lanƙwashe kamar cokalin roba. Ya taɓa haɗiye runduna dubu da dawakansu, ya zauna yana tofar da sirada ɗaya bayan ɗaya. Mero kan karanta wa Malam Ado yana taka keken ɗinki, in an zo wurin siradan nan sai ƙafarsa ta tsaya cak.

A shafin ƙarshe na littafi na uku, takobin Baddaru ya karye biyu, dokinsa ya mutu, Gargazumi ya ɗora masa ƙafa a ƙirji ya wangame baki uku. Daga nan sai aka ce a nemi na huɗu. Mero ta nema. Ta yi sintiri a Kasuwar Sabon Gari har mai shagon ya fara ɓuya in ya hango mayafinta. Daga ƙarshe ya gaya mata gaskiya, marubucin ya ajiye biro ya koma sayar da kayan babur. Ka ji rashin imani! Ka kwantar da bawan Allah a ƙarƙashin ƙafar dodo, ka kama hanya ka tafi sayar da taya. Malam Ado ya rasu bai ji ƙarshen ba. Ita kuwa shekara ashirin da ɗaya ke nan tana yawo da Baddaru kwance a ƙasan akwatinta.

To, amma ba wannan ne ke cin ranta a Kuala Lumpur ba. Jikarta ce. Yarinya 'yar shekara tara, haifaffiyar garin, wadda aka sa wa sunan Mero, Maryam, ake kiranta Walida. Takwararta guda, kuma ko "ina kwana" ba ta faɗa. A yi mata Hausa ta amsa da Turanci. In an matsa ta amsa da Malay. Kakar tata ma "Nenek" take ce mata, yadda 'ya'yan maƙwabta ke kiran nasu kakannin. Mero ta yi magana, surukarta Kausar ta yi murmushi ta ce, "Umma, ai yaran nan na nan haka suke." Kuma a ƙasan murmushin nan akwai ɗan alfahari, shi ne abin takaicin. Iyaye su yi digiri uku uku, su haifi ɗan da ba zai iya gaida kakarsa ba, su riƙa faɗa a taro kamar sun ci gasa.

Ga shi lokaci ya ƙure. Takardar zamanta ta kusa ƙarewa, autarta Fiddausi tana gab da haihuwa a Kano, an riga an yanki tikiti, saura sati uku. Mero ta ƙudurta a ranta ba za ta so ta hau jirgin nan ba sai ta ji takwararta ta buɗe baki ta yi mata Hausa. Ta gwada tatsuniya, yarinya ta yi hamma. Ta gwada alawa, aka cinye alawar aka yi mata godiya da Turanci. Ta gwada gaba na kwana biyu, ita ce ta fara gajiya. Labaran yaƙi kuwa tun zuwanta Kausar ta roƙe ta kada ta fito da su, wai malamar makaranta ta ce abin tsoro yana taɓa ƙwaƙwalwar yara.

Ranar wata Laraba bayan la'asar, hadari ya haɗo kamar yadda ya saba a garin, sama ta yi baƙi ƙirin, aka tsuge da ruwa. Iyayen suna jami'a. Walida na kishingiɗe a kujera da kwamfutar hannu. Mero ta janyo akwati za ta fara shirya kaya, sai ga littattafan nan uku a ƙasa, sun sha danshi suna warin tsohuwar takarda. Ta buɗe na ɗaya don ta ga ko shafukan sun manne. Ba su manne ba. Ta karanta layi ɗaya a zuci, na biyu a fili. Kafin ta kai ƙasan shafi ta miƙe tsaye.

Aka yi tsawa, gilashin taga ya amsa, Mero ta ɗauka da ita ake. Ta shiga kicin ta fito da muciya a dama, murfin tukunya a hagu, littafi a buɗe kan tebur.

"Sai Gargazumi ya fito daga kogo!" Ta maka muciya a murfi. "Duwatsu suka tsage! Tsuntsaye suka faɗo matattu! Ya dubi runduna dubu, ya ce, ku ne abincin ko ku ne masu kawo abincin?"

Ta yi gurnanin kai na farko, ta yi na biyu, na ukun kuwa daga cikinta ta janyo shi, har ɗankwalinta ya zame. Ta haɗiye dawakai. Ta zauna a hannun kujera tana tofar da sirada, tuf, tuf, tuf. Ba ta ma lura kwamfutar ta sauka daga fuskar Walida ba.

Sai aka hau dukan ƙofa. Maƙwabciyarsu ce, Kak Salmah, wata Bamalayiya mai ritaya, hannunta a ƙirji, ga mai gadin bene a bayanta da sanda. Sun ji ihu da ƙarar ƙarfe, sun zaci kisan kai ake yi. Suka tarar da dattijuwa kai ba ɗankwali, da muciya a sama. Mero ta ce, "Boleh, boleh," don ba ta da wata kalmar da ta dace.

Walida ce ta ratso ta tsaya a gabanta. Ta shiga zuba musu Malay kamar an kunna famfo. Mero ba ta jin abin da take cewa, amma tana da ido. Ta ga yarinya ta ɗaga yatsu uku ta nuna kanta. Ta ga ta hura iska ta yi alamar ruwa ya ƙafe. Ta ga ta lanƙwasa yatsa kamar mashi. Sannan ta ga ta karkata baki ta yi tuf, tuf, tuf. Kak Salmah ta fashe da dariya har tana dafa bango, mai gadi ya sauke sandarsa ya koma yana girgiza kai.

Da aka rufe ƙofa Mero ta juyo a hankali.

"Au! Ashe kina ji? Takwara, ashe duk kina ji? Har siradan? Shekara biyu ina magana da bango, ashe bangon munafuki ne!"

Walida ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen rigarta. Can ta yi magana da Turanci ƙasa ƙasa, Turancin sakandaren Mero ya ishe ta ta gane. Wai da Sallar bara waccan, a wani gida a Danau Kota inda Hausawa suka taru, ta gaida matan da Hausa. Suka kwashe da dariya. Ɗaya ta ɗaga waya ta ce ta maimaita, ta maimaita, aka ɗauka aka yi ta turawa ana cewa a zo a ji Hausar 'yar Malesiya. Tun ranar ta rufe bakinta.

Mero ta damƙe muciyar. Manyan mata, masu jakunkuna da zoben zinare, su taru a kan yarinya 'yar shekara bakwai! Su ne kuma gobe za su zauna suna cewa yaran waje sun lalace. Da ta san wace ce mai wayar nan, da muciyar ta yi aiki na biyu a ranar. Ta ɗaura ɗankwalinta, ta ɗauki littafi ta ci gaba. Ta kai daidai inda Baddaru ya fito daga ƙofar birni shi kaɗai, dodo ya juyo da kawuna uku ya gan shi. Sai ta rufe littafin ta sa a hammata.

Walida ta zabura tana roƙo da Turanci, tana haɗawa da "Nenek" da "lah", 'yar jelar nan da mutanen garin ke maƙala wa magana.

"Littafin nan da Hausa aka rubuta shi," in ji Mero. "Ba ya buɗuwa da wani yare. Ni ma haka masu shi suka yi min, su kai ni bakin rami su ce sai na dawo."

Ranar ba a buɗe ba. Washegari yarinya ta zo ta tsaya tana nuna littafin da yatsa, Mero ta ci gaba da gyaran shinkafa kamar ba ta gani ba. A rana ta uku, tana yankan albasa, ta ji wata 'yar murya a bayanta kamar ta sauro.

"Gaba."

Wuƙar ta tsaya. Mero ta so ta rangaɗa guɗa a ji ta har tashar jirgi. Amma ta tuna matan Danau Kota. Ba ta juyo ba, ba ta yi murmushi ba, ta wanke hannu ta ce, "To, ɗauko muciya."

Daga nan kullum bayan la'asar hawa na sha huɗu ya zama fagen fama. Kak Salmah ta riƙa shigowa da farantin ƙananan waina masu launin kore, ta zauna, Walida na juya mata labarin da Malay. Baddaru ya karya mashi bakwai. Ya haƙa rami, dodo ya tsallake. Ya nemo takobi daga ƙarƙashin teku. Duk inda numfashi ya tsaya nan Mero ke rufewa, kuma kalmar nan ɗaya ce ke buɗewa.

Asiri ya tonu ranar da Kausar ta ga zanen wani abu mai kai uku a littafin lissafin Walida, da doki rabi a baki. Ta samu Mero a kicin, ta rusuna ta ce, "Umma, don Allah, yarinyar nan za ta riƙa mugun mafarki."

"Ta yi mana! In ya biyo ta a mafarkin, aƙalla da Hausa zai yi mata magana."

Kausar ta dubi mijinta tana neman agaji. Dakta Muttaka ya yi gyaran murya, ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Umma, wai an wuce wurin da yake tofar da sirada?"

"An wuce tun satin jiya."

"Kash," in ji shi. Kausar ta ɗaga hannu ta bar musu kicin ɗin.

Sai dai kalma ɗaya ba magana ba ce, Mero ta sani. "Gaba" kawai, kullum "gaba". Ga littafi na uku yana ta ƙara sirancewa a hannunta na dama, ita kaɗai kuma ta san abin da ke ƙarshensa. Ta yi tunanin ta ƙirƙiro ƙarshe ta faɗa kamar karantawa take. Ta zauna ta gwada, ta kasa. Shekara ashirin da ɗaya tana gwadawa, duk hanyar da ta ɓullo sai ta ga an ci mutuncin dodon.

Saura kwana biyu tafiya aka zo shafin ƙarshe. Ranar Asabar ce, kowa na gida, Kak Salmah na kujerarta. Mero ta ba da duk abin da take da shi. Takobi ya karye, ta jefar da muciya. Doki ya faɗi, ta yi haniniyarsa ta ƙarshe. Ta kwantar da filo a ƙasa ta take shi da ƙafa, ta wangame baki, ta ɗaga hannaye biyu su zama sauran kawunan. Sannan ta rufe littafi.

"Gaba," in ji Walida, tana tsugune a kan kujera, idanu waje.

"Babu gaba, Takwara."

"Gaba!"

"Wallahi babu. Na huɗu bai taɓa fitowa ba. Mai rubutun ya tafi sayar da kayan babur. Kakanki ma bai ji ƙarshen ba, ni ma ban ji ba."

Yarinya ta fizge littafin ta juya bayansa. Ta ruga ɗaki, aka ji ana watsi da kayan akwati. Ta dawo fuska jage jage da hawaye, ta tsaya a tsakiyar falo, ƙirjinta na hawa da sauka.

"Ƙarya ne! Ba zai mutu ba! Kin sani tun farko, kin yi shiru! Ke muguwa ce, kin fi dodon mugunta! Yaya za ki bar shi a ƙasa ki tafi Kano?"

Hausar tana ɗingishi, tana jan ƙafa, amma Hausa ce, ta fito a jere kamar awaki daga garke. Kausar ta toshe baki da mayafi. Muttaka ya buɗe baki zai yi magana, Mero ta aika masa da hararar da ta mayar da maganar ciki. Ta murtuke fuska ta riƙe ƙugu.

"To sarkin iyawa, ke ki tashe shi mana. Takobi ya karye, doki ya mutu, ƙafa na kan ƙirji. Da me zai tashi?"

"Ya jefa masa duriyan a baki!"

Duriyan ɗin nan ɗan itace ne mai ƙaya da wari, wanda har a lif aka manna takarda kada a shigo da shi, Mero kuwa ko hanyar da ake sayar da shi ba ta bi.

"Duriyan? Dodon da ya haɗiye runduna dubu ki kashe min shi da ɗan itace? Ba a gidan nan ba!"

"Ke ai yana korar ki!"

"Ni dodo ce?"

"Kin fi shi ihu lah!"

Muttaka ya faɗa ɗaki da gudu don kada dariyarsa ta fito a falo. Kak Salmah na ta zungurar Walida a fassara mata, ba ta samu ko kallo ba.

"To ji," in ji Walida, tana share hanci da bayan hannu. "Baki uku ne, shi kuma mutum ɗaya. Wa zai ci? Na tsakiya ya ce ni ne babba. Na dama ya ce jiya ma kai ka cinye dokin. Sai su ciji juna."

Mero ta saki ƙugu. Ta zauna a hankali a hannun kujera. Shekara ashirin da ɗaya, ita ba ta taɓa tunanin kawunan nan ba sa shiri ba.

"Biyu su kashe juna, na yarda," ta ce. "Amma na ukun yana nan. Kuma yanzu ya fi da haushi, don shi kaɗai ke da cikin."

"Shi ma ya mutu!"

"Da me? Da rabin takobi? Je ki yi tunani, ba a kashe Gargazumi da gaggawa."

Suka yi ta yi har aka kira magariba, suka idar suka ɗora daga inda suka tsaya. A filin jirgi ma, ana kiran fasinjoji, Walida na riƙe da mayafinta tana cewa to in Baddaru ya shiga ta kunne fa? Mero ta ce kunnen akwai kunamu a ciki, kowace kamar akuya. Littattafan uku kuwa ta bar mata su a ƙarƙashin filo.

Yanzu Hajiya Mero na Kurna tana taya Fiddausi jego. Ɗaliban Pantai Dalam na ta kukan tuwon Juma'a. Duk ranar Juma'ar kuwa, da hantsi, wayarta kan yi ƙara, saƙon murya ya shigo daga Kuala Lumpur, wani lokaci minti goma, wani lokaci ashirin. An zuba wa dodo narkakken ƙarfe. An rufta masa dutse. An jawo masa tsawa daga sama. Mero ta saurara har ƙarshe, ta sake saurara, ta kira maƙwabta su ji, kuma kafin ta kunna sai ta gargaɗe su cewa duk wadda ta yi dariya ta bar mata gida. Sannan ta danna ta mayar da amsa.

"Takwara, na ji. Dutsen nan ai a kansa yake yin matashi. Sake dabara."

Fiddausi ta ce, "Haba Umma, ke da kika yi shekara ashirin kina neman a kashe dodon nan, an kawo miki mutuwa har kala tara kin ƙi karɓa?"

Mero ta gyara wa jariri zani a cinyarta, ta tura wayar ƙarƙashin filo.

"Ke rufe min baki," ta ce. "In ya mutu, da me za ta kira ni ranar Juma'a?"